Yadda Ake Tono Tsofaffin Makaɗan Blues da Masu Busa Hamonika a YouTube

Blues tsohon salon kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, hamonika kuwa ɗan ƙaramin abin busa ne mai ramuka da ake karawa a baki. Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga masu karatu: "Malam, a ina kake samo waɗannan tsofaffin makaɗan? Ni in na rubuta blues a YouTube, B.B. King da Muddy Waters kawai nake gani." Dalili kuwa shi ne an gina YouTube ne ya nuna maka abin da jama'a suka fi kallo, don haka da wuya ya kai ka wurin mutumin da ya yi faifai biyu a 1948 ya koma aikin ƙarfi. Sai ka je da sunansa a hannu. Sunayen nan kuma ana samun su ne a cikin yaran manyan makaɗa da kuma jikin takardar da ke manne a tsakiyar faifai. Ga hanyar da nake bi, daki-daki.

1. Haɗa kayan aiki

Waya ko kwamfuta, iyafis mai kyau, littafi da biro. Iyafis ɗin ba ado ba ne. Lasifikar waya tana haɗiye ƙaramin sauti, kuma a tsohon faifai mai busa hamonika sau da yawa yana can baya, nesa da makirfo. Littafin kuma shi ne jarinka a wannan aiki, za ka ga dalili nan gaba.

Kuɗin da za ka kashe kusan duk na data ne. Yawancin waɗannan bidiyoyi hoton faifai ne tsaye, ba abin da ke motsi, saboda haka shiga saitin bidiyon ka mayar da shi 144p ko 240p. Ka ajiye 480p sai inda ake ganin mutum yana busa. In layinka yana da garaɓasar dare, yi dogon bincikenka a lokacin.

Gargaɗi: kashe maɓallin da ke sa bidiyo na gaba ya fara da kansa. Shi ne ke cinye data, kuma shi ne ke janye ka daga hanya ya mayar da kai wurin mashahuran da ka riga ka sani. In da hali, buɗe wani Gmail na dabam don wannan binciken kaɗai, kada labarai da ƙwallo su gauraya da shi. Bayan ɗan lokaci za ka ga abin da yake kawo maka ya fara gyaruwa.

2. Rubuta kalmomin da su masu abin suke rubutawa

Da Turanci za ka nema, domin da shi masu tara fayafayai suke saka suna. Su makaɗan "harp" suke ce wa hamonika, don haka "blues harp" ya fi kawo abin da ake so. Gwada waɗannan, ɗaya bayan ɗaya: "harmonica blues 78 rpm", "prewar harmonica", "jug band 1928", "one man band Memphis", "swamp blues Excello". "78 rpm" gudun juyawar faifan garmaho ne, zagaye 78 a minti ɗaya. Ƙara shekara a ƙarshe yana canza sakamako sosai. In ka riga ka san makaɗi kana son abin da ba a cika ji ba, haɗa sunansa da "unissued" ko "alternate take", wato naɗin da kamfani ya ajiye bai fitar ba a lokacin.

Idan sakamako ya fito, wuce na saman. Gangara ka nemi bidiyon da aka ɗauki faifan garmaho yana juyawa, ko aka nuna takardar tsakiyarsa ƙuru-ƙuru, wanda masu kallonsa ba su wuce ɗaruruwa ba. Irin wannan tashar galibi ta wani dattijo ce mai ɗaki cike da fayafayai. In ka samu ɗaya, shiga cikinta ka duba duk abin da ya saka tun daga na farko.

Gargaɗi: guji bidiyoyin awa biyu ko uku masu suna irin "relaxing blues" ko "whiskey blues", da hoton kofi da hayaƙi. Babu sunan makaɗi, babu shekara, ba za su ƙare ka da komai ba.

3. Bi yaran makaɗi

Nan ne aikin yake, kuma nan ne na fi so mai karatu ya daɗe.

Kowane babban makaɗi yana da yara, masu jita da ganga da fiyano da hamonika, kuma da yawansu sun yi nasu fayafayan a ƙananan kamfanoni. Ɗauki ƙungiyar Muddy Waters a Chicago. Kujerar mai busa a ƙungiyar nan ta ga mutane da dama: Little Walter, Junior Wells, Big Walter Horton, George Smith, James Cotton, Mojo Buford, Paul Oscher, Carey Bell, Jerry Portnoy. Rubuta su duka a littafi. Ga ka da sunaye tara daga mutum ɗaya.

To, ɗauki ɗaya ka sake tonawa. A 1952 Little Walter ya fitar da "Juke" a kamfanin Checker, busa zalla babu waƙa, ya hau saman jerin fayafayan da baƙaƙen fatar Amurka suka fi saye. Sai ya bar Muddy Waters ya kafa tasa ƙungiyar. Waɗanda ya ɗauka su ne The Aces, wato 'yan uwa biyu Louis Myers da Dave Myers da mai ganga Fred Below, waɗanda a lokacin suke tare da Junior Wells. Shi kuma Junior Wells ya koma gurbin da Walter ya bari. Musaya aka yi. Yanzu rubuta "The Aces Louis Myers" za ka ji ƙungiyar da ta riƙe bayan manyan masu busa biyu, kuma za ka tarar shi kansa Louis Myers gwanin hamonika ne, ko da yake da jita aka fi saninsa.

Yadda ake gano waye ya busa a faifai: buɗe bayanin da ke ƙarƙashin bidiyon. Masu tara fayafayai na gaske suna rubuta sunayen makaɗa, gari da ranar naɗi. "hca" kusa da suna yana nufin hamonika, "vcl" mai waƙa, "gtr" jita. In babu bayani, kai sunan waƙar shafin Discogs, wani kundin bayanan fayafayai da ke intanet. Ta haka za ka gane, alal misali, cewa busar nan mai tayar da tsikar jiki a faifan Jimmy Rogers na 1956, "Walking By Myself", ta Big Walter Horton ce, alhali sunansa ba shi ne a gaban faifan ba. Mutumin nan ya fi yin aikinsa mafi kyau a bayan wasu, shi ya sa wanda ke bin manyan sunaye kaɗai ba zai taɓa sanin girmansa ba. A ganina ba a yi masa adalci ba a zamaninsa.

Haka za ka yi da kowa. Daga Sleepy John Estes ka fita zuwa Hammie Nixon. Daga Lightnin' Slim ka fita zuwa Lazy Lester. Daga Gus Cannon da ƙungiyarsa Cannon's Jug Stompers, waɗanda suka yi wa Victor naɗi tsakanin 1928 da 1930, ka fita zuwa Noah Lewis, mai busa da sautinsa ke da kauri da taushi har yau ana koyi da shi. Daga John Brim ka fita zuwa matarsa Grace Brim, wadda ke kaɗa ganga, tana waƙa, tana kuma busa.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne haɗama. Mutum ya buɗe shafi goma a lokaci guda, ya saurari rabin minti na kowanne, gobe ba ya tuna ko ɗaya. Bi suna ɗaya ka ƙare da shi tukuna.

4. Bi kamfanin faifai

Tsayar da bidiyon ka karanta takardar tsakiyar faifai. Sunan kamfani yana sama, sunan waƙa da makaɗi a ƙasa, da lamba a gefe. Ƙananan kamfanoni sukan ɗauki mutanen gari ɗaya, masu salo kusan ɗaya, don haka in ka so faifai guda, akwai yiwuwar za ka so maƙwabtansa. Rubuta sunan kamfanin ka haɗa da "78" ko "45".

Sun na Memphis, na Sam Phillips, an fi saninsa da Elvis Presley, amma kafin nan ya naɗi Joe Hill Louis da Doctor Ross, waɗanda kowannensu shi kaɗai yake kaɗa jita da ganga yana busa, da James Cotton yana saurayi, da wani Hot Shot Love da ba a cika ambata ba. Trumpet na garin Jackson a Mississippi, wanda wata mata Lillian McMurry ta kafa, shi ya fara fitar da Sonny Boy Williamson na biyu a 1951, ya kuma naɗi Jerry McCain. Excello yana Nashville, amma busar da ta yi masa suna a garin Crowley na Louisiana aka naɗe ta, a ɗakin J.D. Miller: Slim Harpo, Lazy Lester, Whispering Smith. Kiɗa ne mai tafiya a hankali, mai amsa kuwwa.

A Chicago kada ka tsaya a Chess da Checker. Nemi JOB, Parrot, Chance, Cobra da States. Akwai kuma Ora Nelle, wanda wani mai shagon rediyo a kasuwar Maxwell Street ya kafa. Fayafayai biyu kacal ya fitar, ɗaya daga ciki kuwa shi ne naɗin farko na Little Walter, a 1947.

Ga na kafin yaƙin duniya na biyu, sunayen su ne Victor, Bluebird, Okeh, Vocalion, Gennett da Paramount. Kamfanin Document ya tattara dubban irin waɗannan bisa jerin kwanan wata, kuma da yawa suna YouTube a tashoshin da ake ƙara wa "Topic" a ƙarshen sunan makaɗi. Nemi Jaybird Coleman na Alabama, Jed Davenport, DeFord Bailey mai kwaikwayon jirgin ƙasa da bakinsa, da Memphis Jug Band na Will Shade.

Gargaɗi: fayafayan Paramount da kayan arha aka buga su, suna da ƙara sosai. Ba iyafis ɗinka ne ya lalace ba. In ƙarar ta yi yawa, nemi waƙar a wata tashar, domin ba kwafi ɗaya kowa ya ɗauka ba. Amma ka yi hattara da waɗanda aka "wanke" da kwamfuta har suka zama sumul. Sau da yawa an goge numfashin mai busa tare da ƙarar.

5. Nemi inda ake ganinsu da ido

Bidiyo mai motsi na waɗannan mutane kaɗan ne, kuma mafi yawansa daga Turai ya fito. Daga 1962 wasu Jamusawa biyu, Horst Lippmann da Fritz Rau, suka riƙa kai makaɗan blues rangadi da sunan American Folk Blues Festival, gidajen talabijin na can suna ɗauka. Rubuta wannan sunan ka haɗa da shekara.

A na 1965 akwai inda Big Mama Thornton ta tsaya tana busa, maza suna jere a gefenta, cikinsu da Big Walter Horton da Doctor Ross, kowa ya matso gaban makirfo ya yi nasa ya ja baya. Kalli hannuwansu. Hamonikar ba ta fi tsawon tafin hannu ba, kusan ta ɓace a cikin dunƙulen, hannu ɗaya yana buɗewa yana rufewa, sautin yana fita yana komawa. A nan za ka gane bambancin mutum da mutum a kan abin busa iri ɗaya. Little Walter kuwa, duk shahararsa, 'yan gajerun bidiyoyi ne suka rage, daga rangadin 1967, inda yake busa wa Hound Dog Taylor da Koko Taylor.

Sai tashar Alan Lomax Archive, mai ɗauke da abin da aka ɗauka a ƙauyukan Mississippi a 1978, da shafin Folkstreams da ke nuna tsofaffin finafinan gaskiya kyauta. Rubuta "Maxwell Street 1964" kuma ka ga makaɗa a bakin titi, an jawo wayar wuta daga wani gida, 'yan kasuwa suna wucewa.

Gargaɗi: wasu sukan ɗora sautin faifai a kan bidiyon da ba nasa ba. Duba kumatu da hannu. In busa tana tafiya mutum kuma ya sauke hannunsa, haɗi ne.

6. Tantance kafin ka yarda

Abu uku ke rikita sabon shiga.

Na farko, suna ɗaya mutum biyu. Sonny Boy Williamson biyu ne. Na farko, John Lee Williamson, ya yi wa Bluebird naɗi daga 1937, an kashe shi a Chicago a 1948. Na biyu, wanda ake kira Rice Miller, ya yi suna a shirin rediyo na King Biscuit Time a garin Helena na Arkansas tun 1941, ya rasu a 1965. Duk bidiyon da ka ga dogon dattijo mai ɗan gemu da hular Turawa mai ƙoƙo da lema a hannu yana busa a Turai, na biyun ne, ko me aka rubuta a ƙasa.

Na biyu, mutum ɗaya suna da yawa. Makaɗa sukan canza suna don su yi wa wani kamfani aiki alhali suna da yarjejeniya da wani, wani lokacin kuma kamfanin ne ke laƙaba musu. An fitar da Walter Horton da sunan Mumbles a farkon shekarun 1950, wasu kuma suna kiransa Shakey. John Lee Hooker ya fito a matsayin Texas Slim da John Lee Booker. In ka ji sautin da ka sani da baƙon suna, bincika.

Na uku shi ne mafi muni, kuma sabo ne: waƙoƙin da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira, a saka hoton tsoho mai launin ƙasa-ƙasa, a ƙirƙiro masa suna, a ce "ɓataccen faifan 1930" ne. Wannan abu yana ɓata mini rai, domin yana danne mutanen gaske da suka mutu a talauce. Ga yadda ake kama su. Faifan garmaho mai inci goma ba ya wuce kusan minti uku a kowace fuska, don haka waƙar minti shida daga 1930 abin tuhuma ce. Rarraba sauti kunnen dama da na hagu bai shigo kasuwa ba sai ƙarshen shekarun 1950. In ka cire iyafis ɗaya ka ji jita ta ɓace, ba tsohon naɗi ba ne. Busar nan mai kaushi da ake samu idan an dunƙule hamonika da makirfo a hannu aka haɗa da amfilifaya, bayan yaƙin duniya na biyu ta zo. Duba kuma bayanin ƙasa, wani lokacin YouTube yana saka alamar cewa abin haɗi ne.

Hujjar ƙarshe ita ce kundin fayafayai. Nemi sunan a Discogs, ko a shafin Discography of American Historical Recordings na Jami'ar Kaliforniya da ke Santa Barbara, wanda ke da bayanan manyan kamfanonin da irin su Victor da Columbia da Okeh da Decca. Ga ƙananan fayafayai masu gudun 45 akwai 45cat. Makaɗin da ba shi da kamfani, ba lamba, ba gari, ba kuma inda aka ambace shi sai wannan tashar, bar shi.

7. Saurara da kyau

Saurari faifai sau uku. Na farko gaba ɗaya. Na biyu bi hamonika kaɗai, ka lura da inda take amsa wa mai waƙa idan ya ajiye baiti. Na uku rage gudun bidiyon zuwa 0.75, sautin ba ya sauka, tafiyar ce kawai ke raguwa, sai ka ji yadda ake lanƙwasa sauti ɗaya ya gangara ya dawo. Wanda kunnensa ya saba da goge ko kukuma ba zai ji wannan baƙo ba. Masanin kiɗa Gerhard Kubik na Ostiriya, wanda ya yi naɗe-naɗe a Najeriya da Kamaru, yana cikin masu ganin wannan salon yana da dangantaka da kiɗan yankin da ƙasar Hausa take ciki.

Gargaɗi biyu. Kada ka dogara da rubutun da YouTube ke fitarwa da kansa a ƙasan bidiyo, ba ya gane harshen mutanen kudancin Amurka na da, balle a cikin ƙara. Sannan wasu waƙoƙin, musamman na shekarun 1920 da 1930, akwai batsa a lulluɓe. Ji da iyafis tukuna kafin ka saka a gaban yara ko manya. Mai son busa zalla ya ƙara "instrumental" a nemansa.

8. Rubuta, ka adana

Bidiyoyin nan suna ɓacewa. Ana sauke su saboda haƙƙin mallaka, ko mai tashar ya rasu, ko a rufe ta. Jerin waƙoƙin da ka tara a YouTube zai nuna maka gurbi kawai, ba tare da sunan abin da ya ɓata ba. Shi ya sa kowane faifai da ka so, rubuta abu biyar: makaɗi, waƙa, kamfani, shekara, da wanda ya busa. Da waɗannan za ka sake samunsa a ko'ina. Ɗauki hoton fuskar waya lokacin da takardar faifan ta fito sarai.

In kana son ji ba tare da data ba, yi amfani da maɓallin saukewa na YouTube a bidiyoyin da suke da shi. Manhajojin saukewa da ake turawa a WhatsApp ba ka san abin da ke cikinsu ba, kada ka saka su a wayar da kake harkar banki da ita. In za ka tura wa aboki, tura da sunan makaɗin da shekarar, kada ya yi ta yawo a matsayin "tsohon kiɗan Turawa".

9. In kana son ka bi su da baki

Da yawa sukan kai nan su ji suna son gwadawa. Sayi mai rami goma a jere ɗaya. Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne sayen doguwar nan mai ramuka layi biyu, sama da ƙasa, wadda aka fi samu da arha a shagunan kayan wasa. Ba a yi ta don wannan kiɗan ba, lanƙwasa sauti da ita wahala ce. Wadda tsofaffin suka fi riƙewa ita ce Hohner Marine Band ta Jamus, da ake yi tun 1896, mai katako a tsakiya. Special 20 ta kamfanin ɗaya roba ce a tsakiya, ta fi sauƙi a leɓe kuma ba ta kumbura da yawu. Akwai Suzuki da Lee Oskar, akwai kuma Easttop ta China da ta fi su araha nesa ba kusa ba, kuma ta isa mai koyo. Farashi yana bin dala, don haka tambayi shagon kayan kiɗa biyu ko uku. Kada ka sayi wadda wani ya yi amfani da ita, abin baki ne.

Kowace hamonika tana da harafi a jikinta, mai nuna ma'aunin sautinta. Fara da C, domin da ita yawancin masu koyarwa a YouTube suke aiki, sannan ka ƙara A. Abin da ke rikita mutane shi ne harafin hamonika ba shi ne na waƙar ba. Masu blues sun fi zuƙar iska ciki a kan hurawa, wannan kuwa yana sauya ma'aunin: hamonikar A ana bin waƙar E da ita, ta C ana bin G, ta D ana bin A. In bayanin bidiyo ya ce waƙa tana E, ɗauko A. Fara da rami na 2 da na 4 kana zuƙa a hankali, kada ka ja da ƙarfi don harsunan ƙarfen da ke ciki suna saurin gajiya. Kurkure baki kafin ka busa, musamman bayan goro ko shayi mai sukari, in ka gama kuma ka bubbuga ta a tafin hannu ramukan suna kallon ƙasa, ka bar ta ta sha iska kafin ka mayar cikin akwatinta.